Zomo Ba Ya Cewa Wayyo

Wata uku cur muka yi a gidanmu kowa ya san Toka tana shan wahala, ban da mutum ɗaya. Abin haushin shi ne, mutum ɗayan nan mahaifina ne, wanda ya yi shekara talatin da huɗu a asibitin dabbobi ba abin da ya ƙware a kai kamar gane ciwon zomo. Toka zomanyarsa ce, tsohuwa tukuf, launinta ya ba ta suna. Ni ce babbar 'yarsa, ni ce kuma mai bakin gidan, don haka tun farko na san a kaina maganar za ta ƙare.

Baba ba likita ba ne, kada a ƙara masa girman da shi kansa ba ya so. Da tsintsiya ya shiga asibitin nan yana saurayi. Ya wanke keji, ya kwashe kashin karnuka, ya riƙe kyanwa ana yi mata allura har bayan hannuwansa suka cika da tabon farce. Asibitin ɗaki huɗu ne a jere: ɗakin jira mai benci biyu, ofishin likita, ɗakin tiyata, sai ɗakin kwanciya a can ƙurya, inda akwai kejuna a jikin bango da wani dogon kabad na magani mai ƙofar gilashi.

A jikin gilashin kabad ɗin nan ya sami sana'arsa ta gaskiya. Ya ba ni labarin ya fi sau ashirin, kuma ko sau ɗaya bai canza kalma ba. An yi wa wani zomo tiyata. Likitan wancan zamanin ya zo ya tsaya gaban keji, zomo ya miƙe zaune, kunnuwa tsaye, ido tar. Likita ya ce lafiya lau, gobe a sallame shi, ya fita. Baba yana goge ƙofar kabad, ya ba kejin baya, sai ya hango zomon a cikin gilashi ya zama wani daban. Kunnuwa sun kwanta, ido ya ƙanƙance, ya dunƙule wuri ɗaya ya manna cikinsa da ƙasa. Baba ya waiwaya, zomo ya miƙe. Ya juya baya, zomo ya koma ya dunƙule. Sau uku yana gwadawa. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa wa zai saurari mai shara? Washegari da safe ya tarar da zomon ya sandare.

"Na gani na yi shiru," haka yake rufe labarin kullum, sai ya tashi ya nemi abin yi.

A satin nan ya je wajen mai gyaran babura ya roƙi wani madubin babur da ya karye daga mariƙinsa. Daga ranar, duk zomon da aka kwantar, Baba zai ja kujera ya zauna ya ba shi baya, ya ɗora madubi a gwiwa, ya yi tsit kamar ba ya ɗakin. Ma'aikata suka sa masa suna Baba Madubi tun kafin ya isa a kira shi baba. Bayaninsa bai da tsawo. Ya ce zomo abincin kowa ne a daji, shaho na so, kare na so, kuma wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka. Don haka muddin ido na kansa, sai ya yi ƙarfin hali. Kare in ya ji ciwo duk layi sai an sani. Zomo kuwa, in ji Baba, har ya mutu ba zai ce maka wayyo ba, sai dai ka saci kallonsa.

Abin da yake nema a madubin ba ɓoyayye ba ne, ya koya mini tun ina firamare. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana, to na zomo ma haka ne. Ido ya runtse rabi, kumatu su shafe, hanci ya ja ƙasa, gashin baki ya sandare, kunnuwa su lanƙwashe su manne da baya. Wani lokaci a ji yana niƙa haƙora ƙaras-ƙaras. Sannan sai kashi. Kowace safiya Baba yakan zaro farantin ƙarƙashin keji ya duba, in kashin ya ƙanƙance ko babu shi gaba ɗaya, hankalinsa ya tashi ke nan. Zomon da ke jin ciwo ba ya cin abinci, wanda ba ya ci kuwa hanjinsa tsayawa yake yi, daga nan sai yadda Allah ya yi. Shi ya sa Baba yake cewa maganin ciwo a wajen zomo ba gata ba ne, rai ne.

Umma, mahaifiyarmu, tela ce, kuma ba ta raga masa. In baƙi suka tambayi aikin maigidan sai ta ce, "Ai babban ma'aikaci ne, shi ke duba kashin zomaye." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce ai gara shi, ita tana auna ƙugun mutane suna riƙe numfashi.

Likitar da ke shugabantar asibitin yanzu, wadda duk gidanmu muke kira Likita kawai, ta zo ne tana sabuwar fita daga jami'a, 'yar siririya da tabarau da zafin kai. Rana ta uku da fara aiki ta shiga ɗakin kwanciya ta tarar da mutum zaune ya juya wa marasa lafiya baya yana kallon madubi. Ta yi masa tas. Ta ce nan ba shagon aski ba ne. Baba ya tashi daga kujerar ya miƙa mata madubin, ya ce, "Ranki ya daɗe, zauna minti goma, kada ki motsa." A kejin akwai wani farin zomo da ta ciro wa haƙori, ta riga ta rubuta a sallame shi. Ta zauna don ta ƙure shi. Kafin minti goman su cika ta tashi da kanta ta yaga takardar sallamar, ta ɗora zomon a sikeli ta sake lissafin maganinsa. Tun daga ranar ba ta ƙara sallamar zomo ba sai Baba ya ce to. Baba ne ya sa aka raba ɗakin zomaye da na karnuka, shi ya hana a ɗaga su ta kunne, shi yake naɗe su a tawul ya ɗura musu abinci da sirinji marar allura, kaɗan-kaɗan, yana yi musu hira kamar suna ba shi amsa.

Mu ma a gida ba mu tsira daga idon nan ba. Ba a ɓoye wa Baba ciwo. Shekarar da na yi ɓari, ban gaya wa kowa ba sai mijina. Na zo gida ina raha da ƙarfi, na zauna ina ba Umma labarin makarantar da nake koyarwa. Baba yana can gefe ya ba mu baya yana gyaran rediyo. Da Umma ta shiga kicin na ɗan saki fuska, ban san yana ganina a gilashin taga ba. Bai waiwayo ba, ya ce, "Uwata, shiga ɗaki ki kwanta. Ba sai kin faɗi komai ba." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. Na shiga ɗakin na yi kukan da na yi sati biyu ina riƙewa.

Toka kuwa a kwali aka ajiye ta a ƙofar asibiti, ƙafar baya a karye, shekara biyu kafin Baba ya yi ritaya. Wanda ya ajiye ta bai dawo ba. Baba ya yi jinyarta har ƙafar ta haɗu, sannan ya ɗauko ta ya kawo gida ba tare da ya shawarci kowa ba. Ya yi mata wuri a baranda, tsakanin ƙofar kicin da ɗakin ɗinkin Umma: tabarma, akwatin ciyawa, kwanon ruwa mai nauyi don kada ta kifar. A watan farko ta cinye wayar keken ɗinki, ta cinye gefen atamfar wata mai kawo ɗinki, ta ɗanɗana takalmin mijina. Umma ta rantse sai ta ga bayanta a tukunya. Ba a yi wata biyu ba na kama Umma tana ware mata ganyen karas mafi kyau, da ta gan ni ta ce wai don kada ya lalace ne.

Da Baba ya bar aiki, Toka ta zama aikinsa. Da safe ya share mata wuri, ya taje ta, ya zauna a 'yar kujerarsa ta kwanta kan ƙafarsa yana sauraron labarai. Haka suka yi shekara bakwai.

Sai ta fara rama. Baba ya shafa cikinta ya ji wani abu mai tauri, ya kai ta asibiti. Likita ta ɗauki hoto ta ce ƙari ne, ya yi nisa, kuma shekarun Toka ba za su ɗauki tiyata ba. Ta ba shi maganin ciwo na ruwa, safe da yamma, gwargwadon nauyinta. Ina wurin, ni na kai su a mota, kuma na ji abin da ta gaya masa da kunnena.

"Baba, wannan zai riƙe ta na ɗan lokaci. Ranar da ya daina riƙe ta, kai za ka gaya mini. Ba sai na zo dubawa ba, ka fi ni sani."

Da wani ne mai zomon, da Likita ta ce ya dawo duk sati. Amma wa zai ce wa Baba Madubi ya kawo zomo a duba masa? Dukanmu muka sakankance. Mun manta cewa wanzami ba ya son jarfa.

Jinya kam ya yi ta yadda babu mai kushewa. Ya naɗe ta a tawul, ya zura sirinji ta gefen baki bayan haƙoran gaba, ya ɗiga maganin a hankali, ya goge mata haɓa. Da ta rage cin ciyawa sai ya riƙa niƙa abincinta da ruwa yana ɗura mata. Ya sa mata kwalbar ruwan ɗumi a cikin safa. Duk wanda ya tambaya amsa ɗaya ce: "Da sauƙi. Yau ma ta ci ganye biyu." Kuma ba ƙarya yake yi ba. In yana gabanta yana kallonta yana kiran sunanta, takan ɗaga kunne, ta karɓi ganyen daga hannunsa ta ɗan tattauna.

Umma ce take ganin sauran. Daga kan keken ɗinkinta ana hango barandar ta gefen labule. Wata Asabar ta kira ni a waya ta ce, "Ki zo ki yi wa babanki magana. Da ya shiga wanka sai dabbar nan ta dunƙule tana niƙa haƙora, har cikin kaina nake ji. Na gaya masa ya ce ƙarar keke ce ta dame ni."

Na zo da la'asar. Kafin in gaishe shi Umma ta ja ni ɗakinta ta buɗe durowar zare. A can ƙasa, ƙarƙashin tarin ƙyallaye, ga madubin babur ɗin nan. Ta ce tun ranar da suka dawo daga asibiti ya cusa shi a nan, yana tsammanin ba ta gani ba.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Kuma ni in raina ya ɓaci bakina ya riga hankalina fita. Na ɗauki madubin na fito baranda. Baba yana zaune a ƙasa, Toka na gabansa, yana miƙa mata ganyen latas.

"Baba, ina wuni. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Uwata. Kin ga ma tana ci."

"Yaushe rabonka da ka juya mata baya?"

Ya ɗago ya ga abin da ke hannuna. Fuskarsa ta canza. "Wa ya ce ki taɓa mini kaya?"

"Kai ka koya mini in ana kallonsu ƙarya suke yi. Wata uku kana zaune a gabanta kamar mai gadi, ko ƙiftawa ba ka yi. Ba don ita kake yi ba, Baba, don kanka kake yi."

"Ke za ki koya mini zomo?" Tunda nake ban taɓa jin muryarsa ta tashi haka ba. Har Umma ta tsayar da keke. "Ni na ɗora mata ƙafa. Ni na san numfashinta. Ta saba da ni, ba ta ɓoye mini komai."

Maganar da ta zo bakina a lokacin, na gode Allah da ban faɗe ta ba. Na so in tuna masa zomon nan na farko. Da na faɗa da na yi nasara, da kuma har yau ban yafe wa kaina ba. Na dube shi sai na ga tsoho ne kawai a zaune a kan siminti da ganyen latas a hannu. Tausayinsa ya kama ni har fushin ya rasa wurin tsayawa. Na durƙusa na ajiye madubin a kan 'yar kujerarsa.

Na ce, "Yi haƙuri, Baba. In na yi kuskure, ka duba ka ƙaryata ni. Wallahi na fi kowa son ka ƙaryata ni."

Na shiga kicin na ɗora ruwan shayin da babu mai sha, na tsaya a bayan ƙofa inda nake ganinsa. Ya gyara mata ciyawar da ba ta buƙatar gyara, ya canza ruwan da bai daɗe da canzawa ba. Can sai ya dafa bango ya miƙe, ya ɗauki madubin ya goge shi da bakin rigarsa, ya juya kujerar ta fuskanci bango, ya zauna.

Minti biyar na farko Toka tana nan yadda ya bar ta, kai a sama. Sannan a hankali kunnuwan suka sauka suka manne. Idon ya koma kamar an tsaga da reza. Ta janyo ƙafafunta ta cusa a ƙarƙashinta, ta danna cikin a tabarma, ta ɗaga, ta sake dannawa, ta rasa yadda za ta ajiye shi. Ganyen da ta karɓa daga hannunsa ya faɗo daga bakinta, ashe ba ta haɗiye ba. Sai ƙarar haƙoran ta fara. Ni da nake kicin ina jin ta sarai.

Ban ga fuskar Baba ba, bayansa kawai nake gani. Ya yi zaman nan ya fi rabin awa, ya wuce duk abin da ake buƙata don a gane. Daga baya na fahimci ba dubawa yake yi ba kuma, tsayawa ya yi ya ga abin da ya ƙi gani, gaba ɗayansa. Ruwan shayin ya tafasa ya ƙone. Da ya yi magana muryarsa ta dawo irin ta kullum.

"Uwata, kira Likita. Ki ce ta zo gida in za ta iya. Kada a wahalar da ita a mota."

Likita ta zo washegari da hantsi da 'yar jakarta. Yanzu ta yi furfura, tabarau ɗin ma ya ƙara kauri. Ta durƙusa ta shafa cikin Toka, ta ɗago ta dubi Baba, ta buɗe baki za ta yi magana. Ya riga ta.

"Na makara, ranki ya daɗe. Laifina ne."

"Namu ne," in ji ta. "Ni na ɗora maka abin da bai kamata a ɗora wa mai ita ba."

Ta fito da allurar ƙarshe, mai ɗauke rai ba tare da wahala ba, wadda Baba ya riƙe dabbobin mutane ba adadi ana yi musu. Sai ya ɗaga hannu.

"Tukuna. Ki fara yi mata mai ƙarfin nan ta kashe ciwo, wadda muke yi bayan tiyata. Mu jira ta kama ta."

Likita ta ce ba dole ba ne, ɗayar ba ta ɗaukar lokaci. Ya ce ya sani, roƙo yake yi. Ta yi mata allurar a fatar wuya. Muka zauna mu huɗu a barandar, Umma a bakin ƙofar ɗakinta da tef ɗin awo a wuya, Baba a ƙasa ya ɗora tafinsa a bayan Toka. A waje wata mota tana ta ƙoƙarin tashi tana mutuwa.

Bayan kamar minti ashirin haƙoran suka yi shiru. Kunne ɗaya ya saki ya ɗago, sannan ɗayan. Idon ya buɗe, baƙi wuluk, zagaye. Ta ɗaga hannayenta biyu ta shafa fuskarta sau biyu, ta lashi yatsan Baba. Sai ta yi wata doguwar miƙa, ta zube a gefenta, ta miƙe ƙafafun baya zar a kan tabarma, cikin nan da ta rasa inda za ta ajiye ya kwanta abinsa.

Ni da na tayar da maganar nan, ni ce na fara karaya. Na kama hannun Likita na ce, "Ku tsaya! Baba, dube ta, ta ji sauƙi. A bar ta mana, a riƙa yi mata wannan ɗin."

Likita ta girgiza kai a hankali ta ce aikin allurar na awa kaɗan ne, kuma kowace rana sai ya ragu.

Baba bai ɗauke ido daga kan Toka ba. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Ba sauƙi ta samu ba, Uwata. Haka take in ba ta jin ciwo. Na manta ma haka take kwanciya." Ya shafa ƙafar da ya taɓa ɗorawa, tun daga cinya har yatsu. "Wata uku ba ta miƙe ƙafar nan ba, ni kuma kullum ina cewa da sauƙi."

Umma ta taso ta zauna a ƙasa kusa da shi, abin da ban taɓa ganin ta yi ba saboda gwiwarta. Toka ta lumshe ido, wannan karon don barci. Baba ya bar ta ta yi numfashi kamar goma a haka, yana kallo, sannan ya ɗago kai.

"Likita, yi yanzu, tun ciwon bai dawo mata ba."

Bai ɗauke hannunsa daga bayanta ba har aka gama.